Gurguwa, Motar Baba

Konni, ran Litinin

Zuwa ga Babana, a asibiti, Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ce Innarka Saratu, kuma da hannuna nake rubutawa, ba wanda na sa. In ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri, da furfura na shiga karatun manya.

Tunda ka kashe wayarka, na ba Mamane direban taksin Tawa wannan takarda. Kullum shinkafata yake ci a tasha, ba zai yar da ita ba. Shi ne kuma ya gaya mini abin da ka ce: wai ranar da anka sallame ka ba za ka dawo Konni ba, za ka ƙetare iyaka ka tafi inda ba wanda ya san ka da ƙafa biyu. Tun da na ji, hankalina ba ya wurin girki. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya, direbobi sunka yi ta tsiya. Shekarun nan da kake jan kamyon, babbar motar kawunka, in ka kama hanyar Agadas abinci ba ya shiga cikina sai ka dawo. Wancan tsoron na saba da shi. Wannan sabon ne ban yarda da shi ba.

Zuwana ɗaya asibitin nan ka ga ban daɗe ba, ba mu yi magana ba. To ga maganar yanzu. Sunan Baba, mahaifina, anka sa maka, kana ƙarami ya rasu, ba ka san shi sosai ba. Maciji ya sare shi a gona yana saurayi, anka yanke ƙafar. Bai zauna ba. Ya koyi walda, ya samo gaban wata tsohuwar Fijo da ta mutu, ya yi mata baya da katako, ya cire kuloci daga ƙasa ya mai da shi sanda da ake ja da hannu kusa da sitiyari. Da kansa ya sa mata suna Gurguwa, don kada wani ya riga shi. Da ita ya yi ta jigilar albasa daga Galmi, da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai ni gidan mahaifinka, Allah ya jiƙansu duka.

Kawunka ya sayar da ita ko arba'in ɗin Baba ba a yi ba. Zan nemo ta. Ba shawararka nake nema ba, gaya maka nake yi. Kada ka motsa daga inda kake sai ka sake ji daga gare ni.

Ƙanwarka Nazifa na gaishe ka. Ka ci abinci ko ba ka so. Allah ya tashi kafaɗarka.

Innarka.

Tawa

Inna, na gaishe ki da kyau. Takardarki ta iso. Rubutunki ya fi na likitan nan, nasa ko shi da kansa sai ya yi tunani kafin ya karanta.

Jiki da sauƙi. Suna koya mini tafiya da sanduna, in na yi taku kaɗan su tafa mini kamar jaririn da ya fara tatata.

Abin da Mamane ya faɗa gaskiya ne, bakinsa dai ya fi hon ɗin motarsa ƙara. Ba zan dawo in zauna a tasha ba, yaran da na koya wa riƙe sitiyari suna wucewa suna ce mini “Sannu Ɗalha, Allah ya sa kaffara ne.” Ki bar neman gwangwanin nan, tuni masu jari-bola sun narkar da shi. Ki kula da girkinki. Ki gaida Nazifa.

Ɗanki, Ɗalha.

Konni

Zuwa ga Yaya Alhaji Mamman Sani.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida iyali. Na zo buronka sau biyu, an ce kana ganawa da baƙi. To takarda ba ta bukatar kujera.

Tambaya ɗaya gare ni. Wa ka sayar wa motar Baba? Ban zo maganar gado ba, abin da ya wuce ya wuce. Suna kawai nake so da gari. In ka manta, zan tsaya ƙofar masallacinku ran Juma'a in tambayi dattawan da sunka san Baba ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don kunnuwansu sun yi nauyi.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka, Saratu.

Buron Sufuri na Alhaji Mamman Sani da 'Ya'yansa, Birnin Konni

Zuwa ga ƙanwata Saratu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, na ga takardarki, kuma na yi mamakin yadda karatun da kinka yi jiya-jiya ya riga ya koyi rashin kunya.

Ɗalha ɗana ne, a motata abin ya same shi, kuma ban yar da shi ba. Na riga na yanke shawara: in ya fito zai zauna nan buro, a inuwa, ga fanka, yana amsa waya yana sallamar direbobi. Mutumin da Allah ya jarraba haka, abin da ya dace da shi ke nan. Ki lallashe shi ya karɓa, maimakon ki cika masa kai da tatsuniya.

Ke kina tuna motar nan da daɗi don ba ki shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ni na shiga. Kullum Baba ya sauke ni da ita, yara na bin mu suna ɗingishi suna kirana ɗan Gurguwa. Na yi shekaru ina gina suna a garin nan, ba zan so a jawo mini wannan abu cikin kasuwa ba.

Amma don kada ki je ƙofar masallaci ki tara mana jama'a: Hayatu mai albasa na Dogarawa ne ya saye ta. Ban san ko yana raye ba. Mace mai shekarunki ba ta yawon ƙauyuka neman ƙarfe. Ki ji tsoron Allah ki zauna gida.

Wassalam.

Yayanki, Alhaji Mamman Sani.

Tudun Aduwa, bayan Illela

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar jiki. Kana cin abinci? Kana shan maganin da sunka ba ka? Na gan ta.

Bari in fara daga farko. Na bar wa Nazifa tukwane na shiga motar Dogarawa. Hayatu yana nan da ransa, ya tsufa, yana zaune kan buhunan albasa. Da na ambaci motar sai ya ja da baya ya ce, “Baiwar Allah, wannan motar ai ba ita kaɗai take ba, da masu ita a ciki. Direba uku na sa mata. Kowanne ya kai ƙafa wurin kuloci sai ya taka iska. Na ƙarshen a rami ya sauke mini albasa, ya fito yana salati, ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.” Na ce, “Malam Hayatu, sandar da ke kusa da sitiyari fa?” Ya ce, “Wannan ai mun ɗauka ta rataya buta ce.” Na yi dariya har da hawaye, rabona da dariya tun ranar da anka kira ni a kanka.

Shi ya sayar wa wani mutumin Illela, tamu ba ta Najeriya ba. A Illela anka ce mutumin ya koma ƙauye ya rasu. Na hau amalanken jaki na iso nan.

Tana bayan gidan matarsa Talatu, a ɗore kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Bayanta cike da harawa, zabi na ƙwai a kan kujerar Baba. Koren fentin ya tafi sai kaɗan. Amma injin na ciki, kuma sandar kuloci tana nan, kanta ya yi sumul inda tafin Baba ya cinye shi. Na kama na daɗe ban saki ba.

Talatu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ce ɗiyar mai ita? To ubanki ya iya ƙera rumbu. Gara ba ta hawa, akuya ba ta kaiwa.” Na ce ta sayar mini. Ta ce, “Ni ba na cin takardar kuɗi, awakina ma ba sa ci. Ina zan sa harawata? Ki ba ni rumbu, ki ɗauki rumbu.”

Shi ya sa na daɗe. Na sayar da ragona na kira magini. Ni da Talatu muke ɗebo ruwa a rijiya, ni ke taka laka. Ƙafafuna sun tsage, matan ƙauyen na leƙowa ta kan darni suna cewa ga 'yar birnin da ta zo auren mota. Su faɗa. Rumbun ya kai ƙirjina, saura baki da murfi.

Na ba wani mai kai gero Tawa wannan takarda. In ta same ka, ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san kana nan. Allah ya tsare mini kai.

Innarka.

Konni, ran Alhamis

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan sauƙi. Ba ka amsa ta baya ba. Mamane ya rantse mini ya gan ka zaune a bakin ɗakin masu jinya, shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta.

Gurguwa ta shigo Konni. Shanu huɗu sunka ja ta daga ƙauye zuwa kwalta, a kan tayoyin aro, daga nan wata motar albasa ta ɗaure ta da igiya. Ni ce a kujerar Baba ina riƙe da sitiyari, ban taɓa yi ba, duk addu'ar da na sani na karanta. A shingen hanya wani jandarma ya zagaya ta ya ce, “Inna, ina takardun wannan?” Na ce, “Ɗana, ta girme ka, ta girmi takardun.” Ya ce, “To mota ce ko kaya?” Na ce yau dai kaya ce, amma ya jira. Ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

Ran kasuwa munka shigo, kuma na ce wa direban ya bi ta ƙofar buron kawunka, a hankali. 'Yan kabu-kabu sunka biyo mu suna hon. Kawunka ya leƙo ya koma ya ja labule. Amma wani tsoho mai sayar da goro ya miƙe tsaye ya ce, “La ilaha illallahu, motar mai walda!” Ya bi mu da ƙafa har gida.

Zaidu na kira, wanda ya koyi aiki hannun Baba. Idonsa ya yi rauni, ya daina karɓar aiki, amma da ya shafa ta sai ya aika a kawo masa kayansa. Na ce masa, “Ka mai da ita yadda Baba ya bar ta, kada ka ƙara kada ka rage.” Ya jiƙa injin da mai, ya kwance, ya wanke, ya tafi ƙetaren iyaka ya tono abin da ya ɓace a wurin masu tsofaffin kaya. An daɗe ana yi. Shekaranjiya da hantsi ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Hayaƙi ya cika unguwa, kajin maƙwabta sunka watse, Nazifa ta yi guɗa.

Yanzu komai ya zauna daidai. Hannunka zai ja kuloci, ƙafarka ta dama ta taka totur da birki, kamar yadda Baba yake yi. Har maƙalin sandarsa yana nan a bayan kujera. Ba wanda zai ce maka sannu, sai dai su kauce maka a hanya. Ka gaya mini ranar da za a sallame ka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka.

Tawa

Inna, na gaishe ki.

Duk takardunki na karanta. Na yi shiru ne don na ga kin yi nisa, na ce bari in ga inda za ki tsaya. Na ɗauka kin sani, za ki sa a juya abin da ya kamata a juya.

Inna, Kaka ƙafar hagu ya rasa. Ni ta dama anka yanke.

Motar da kinka taka laka dominta, an yi ta ne don mai ƙafar dama. Ni ba ni da abin taka totur ɗinta. Mai gadon kusa da ni ya tambaye ni me ya sa nake dariya, na kasa gaya masa.

Ranar da kinka zo nan, kin tsaya a bakin ƙofa, kin gaida kowa a ɗakin, kin tambayi baƙi jikinsu, kin ajiye kwano, kin fita. Ni ko kallona ba ki yi ba. Na ce kunyar ɗan fari ce, na haƙura. Ban taɓa zaton har yau ba ki san wace ƙafa ce ba.

Ranar sallama ta kusa. Akwai wanda zai ƙetarar da ni. Ki mayar wa Talatu rumbunta. Ki yafe mini.

Ɗalha.

Konni

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka ko kana fushi.

Na karanta, na sake karantawa, na kira Nazifa ta karanta ko idona ne ya juya kalmar. Ta dama. To na ji.

E, ban tambaya ba. Wa zan tambaya, kawunka a gaban maza? Uwa ba ta ɗaga mayafin ɗan fari a gaban mutane, haka na tarar, haka anka yi mini. Da na dube ka ranar nan, da ɗaukata za a yi daga ƙasa, kai kuma a bar ka da kunyar. A bayan ginin na je na zauna ni kaɗai. Kowa cewa yake “ƙafa, ƙafa,” ni kuwa tun ina yarinya ƙafar da ake rasawa ta hagu ce, ita kaɗai na sani. Ba zan ba ka haƙuri a takarda ba. In faɗa kake so, ka san gidan.

Kawunka ya ji labari ya zo har tsakar gida da babbar riga. Ya ce, “Ai na sani tun farko, na bari ne ki gama ki huta.” Na ce, “Yaya, ka sani ka yi shiru, ni ban sani ba na jawo mota daga bayan Illela. Wa ya fi amfani a cikinmu?” Ya kaɗe riga ya fita, bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Ba na mayar da ita. Na ce wa Zaidu ya juya ta. Ya ce abu mai sauƙi ne: zai yanka ƙarfen tsohon gadona ya ƙera sababbin matakai a hagu, ya ciro birki daga inda yake, ya haɗa shi da wayar birkin keke, biyu a murɗe don ƙarfi. Ya ce idonsa ba ya ganin wurin walda sosai, amma hannunsa na tunawa. Ran Asabar zai fara yanka.

In ya gama ni zan gwada ta, tunda ni na riƙe sitiyarinta daga Illela. Zan ɗaure ƙafata ta dama da ɗankwali in tuƙa da hagu, in san abin da zan ba ka. In ta tsaya inda na ce ta tsaya, zan kawo maka ita har Tawa. In ka riga ka tafi, sai in bi ka da ita, ai ta san hanya.

Allah ya huci zuciyarka.

Innarka.

Tawa

Inna!

Ƙarfen gado? Wayar keke a birkin mota? Ku biyun nan kashe kanku za ku yi, ku haɗa da mutanen unguwa. Ba a taɓa birki! Yana tsakiya, ƙafar hagu na kai masa. Totur kaɗai za a kawo hagu, kuma ga wuri nan fili inda Kaka ya cire kuloci. Ko wannan ɗin ma ba aikin mai laluben walda ba ne, sai an auna da ƙafar mai tuƙin.

Kada ki shiga motar nan. Ki ƙwace zarton daga hannun Baba Zaidu ki kulle a ɗaki. Na roƙi likita ya sallame ni da wuri, zan biyo Mamane ran Juma'a. Dubawa kawai zan yi in wuce. Ban ce na dawo ba, kada ki gaya wa kowa.

Na gaishe ki.

Ɗalha.

Konni

Zuwa ga Yaya Alhaji Mamman Sani.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida iyali.

Ɗanka ya iso, ya ce kwana ɗaya zai yi. An yi Juma'a, an sake yin wata. Ya kwance motar ƙusa-ƙusa ya baza mini a tsakar gida, ya ce duk aikinmu na banza ne. Tun safe suke faɗa da Zaidu, ko wurin girki ba ni da shi.

Akwatin kayan aikin Baba yana wurinka. Ka ba wanda ya kawo wannan takarda. Mai sunan Baba yana jira.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka, Saratu.